Nazarin Littafi Mai Tsarki: Allah Yana Tare da Mu Cikin Ciwon Daji

Da wuya a sami ikkilisiya a yau wadda ba ta da wani mai fama da ciwon daji, ko iyalin da suke jinyar mai shi. Wasu suna kiransa sankara, wasu kuma kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu wannan ciwo fiye da 120,000 a Nijeriya, kuma fiye da 70,000 suka mutu ta dalilinsa. Waɗannan mutane suna da suna, suna da 'ya'ya da gonaki, wasunsu kuma kujera ɗaya muke zama da su ran Lahadi.

A cikin aikinmu na ziyarar al'ummai, tambaya guda ce muke yawan ji daga bakin marasa lafiya da masu jinyarsu: Ina Allah yake a cikin wannan abu? Mun shirya wannan darasi domin mu nemi amsa tare. Za a iya amfani da shi a zumuntar mata, ko ƙungiyar matasa, ko taron addu'a na cikin gida. Zai yi kyau a raba shi zama biyu ko uku, a karanta ayoyin da ƙarfi, a kuma ba kowa zarafin yin magana.

1. Mu fara da sanin ciwon

Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna haihuwa, suna tsufa, suna mutuwa bisa tsari. Ciwon daji yakan fara ne sa'ad da wasu daga cikinsu suka bar wannan tsari, suka yi ta yawaita ba tsayawa. Sukan taru su zama ƙari, daga baya su iya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. A ƙasarmu wanda ya fi yawa shi ne na nono. Akwai kuma na bakin mahaifa, da wanda ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, da na hanta, da na hanji.

Ba a ɗaukar ciwon daji ta wurin gaisuwa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko wanke kayan mai shi. Saboda haka babu dalilin ware wa marar lafiya kofinsa ko tabarmarsa. Amma akwai ƙwayoyin cuta da ake ɗauka waɗanda bayan shekaru sukan buɗe wa ciwon ƙofa. Ƙwayar HPV ce ke jawo kusan dukan sankarar bakin mahaifa, ciwon hanta nau'in B kuma yana iya kai ga sankarar hanta. Dukansu biyu suna da allurar rigakafi. Tun 2004 ake yi wa jarirai allurar ciwon hanta a Nijeriya, a watan Oktoba na 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta. Taba sigari, da yawan shan giya, da cin gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a rumbu, su ma suna ƙara haɗarin. Duk da haka mutane da yawa sukan kamu ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mun kawo wannan bayani ne domin tsoro yakan yi ƙarfi inda babu sani. Mutumin da ya gaskata cewa jifa aka yi masa zai kwana yana lissafin maƙiyansa. Wanda ya san abin da ke faruwa a jikinsa zai iya ajiye wannan kaya, ya fuskanci jinya.

2. Ciwon ba hukunci ba ne

Karanta Yohanna 9:1-7.

Almajiran Yesu sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka fara neman mai laifi. Zaɓi biyu kaɗai suka kawo: ko shi, ko iyayensa. Yesu ya ƙi duka biyun. Ya juya hankalinsu daga binciken laifi zuwa ga aikin da Allah yake so ya yi a rayuwar mutumin.

Haka ya faru da Ayuba. Abokansa uku sun dage cewa akwai wani zunubi da ya ɓoye. A ƙarshen littafin, cikin sura 42, Allah ya tsauta musu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ya kuma sa Ayuba, wanda suka zarga, ya yi musu addu'a.

Gaskiya ne cewa cuta da mutuwa sun shigo duniya ta dalilin faɗuwar ɗan Adam. Amma wannan dabam yake da a nuna mutum ɗaya a ce ciwonsa sakamakon laifinsa ne. Annabi Elisha, wanda Allah ya warkar da Na'aman ta wurinsa, rashin lafiya ce ta yi ajalinsa (2 Sarakuna 13:14). Bulus ya bar abokin aikinsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Abafaroditas ya kusa mutuwa yana cikin aikin bishara (Filibiyawa 2:25-27). Ba wanda Littafi Mai Tsarki ya zarga da ƙarancin bangaskiya a cikinsu.

Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai ga mata masu sankarar bakin mahaifa. Akan yi musu kallon marasa kamun kai. Gaskiyar ita ce ƙwayar HPV ta yaɗu sosai, har yawancin manya sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba su sani ba. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa. Kada mu ɗora mata kunya a kan ciwo.

3. Abin da Allah ya alkawarta

Karanta Farawa 39 da Daniyel 3:19-27.

A Farawa 39 an faɗa har sau huɗu cewa Ubangiji yana tare da Yusufu. Mu lura da inda yake a lokacin. Sau biyu na farko yana bawa a gidan Fotifar. Sau biyu na ƙarshe yana kurkuku saboda ƙaryar da aka yi masa. Kasancewar Allah tare da shi ba ta buɗe ƙofar kurkukun a ranar ba. Ya yi shekaru a ciki, kuma a dukan shekarun nan Allah bai rabu da shi ba.

Abokan Daniyel uku kuma an jefa su cikin tanderun wuta. Allah yana da ikon kashe wutar tun kafin su kai bakinta, amma ya bari suka shiga. Da sarki ya leƙa, sai ya ga mutum huɗu suna yawo a ciki. Kafin a jefa su sun riga sun shaida wa sarki cewa Allahnsu yana iya cetonsu, kuma ko da bai cece su ba, ba za su juya masa baya ba.

Daga nan muna koyon bambanci tsakanin abin da muke fata da abin da aka alkawarta mana. Muna fatar warkewa, kuma daidai ne mu roƙe ta da dukan zuciya. Allah yana warkarwa, wani lokaci ta hannun likita, wani lokaci ta hanyar da likita ba zai iya bayyanawa ba. Amma babu inda ya yi alkawari cewa kowane mai bi zai warke daga kowace cuta a wannan duniya. Alkawarin da ya maimaita tun daga Farawa har Ruya ta Yohanna shi ne ba zai bar mutanensa su kaɗai ba. Bisharar Matiyu ta buɗe da sunan Immanuwel, wanda ma'anarsa ita ce Allah yana tare da mu, ta kuma rufe da alkawarin Yesu na kasancewa da almajiransa kowace rana.

Wanda yake tare da mu ɗin ya san zafin jiki. Yesu ya ji yunwa da gajiya da ƙishirwa. An yi masa bulala, an kafa masa ƙusoshi. A Gatsemani ya roƙi Uba har sau uku a ɗauke masa abin da ke gabansa, ya kuma nemi abokansa uku su zauna kusa da shi domin baƙin ciki ya yi masa yawa (Markus 14:32-42). Idan 'yar'uwarmu tana zaune a layin asibiti tana jiran sakamakon gwaji, gabanta yana faɗuwa, tana tare da Mai Ceto wanda shi ma ya taɓa yin daren jiran wahala.

4. Sa'ad da ba mu ji kusancinsa ba

Karanta Zabura 88 da Luka 24:13-35.

Masu ciwon daji da yawa sukan ce addu'a ta yi musu wuya. Maganin da ake ƙara musu ta jijiya, wanda ake kira kemo, yakan kawo amai, da kasala, da zubewar gashi, da ɗacin baki. Zafi yakan hana barci. A irin wannan hali mutum yakan buɗe Littafi Mai Tsarki ya kasa karanta ko layi biyu. Sai ya fara tunanin ko Allah ya yi nisa.

Zabura 88 addu'ar mutum ce wanda yake jin ya kusa kabari, abokansa sun guje shi. Zaburoyin kuka da yawa sukan ƙare da yabo, amma wannan ta ƙare cikin duhu. Duk da haka Allah ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. Wannan ya nuna mana cewa kuka da ƙorafi a gaban Allah su ma addu'a ne. Mai zaburar bai daina magana da Allah ba, kuma wannan kansa bangaskiya ce.

Almajirai biyu da suke tafiya Imuwasu sun yi tafiyar kusan mil bakwai da Yesu, suna ba shi labarin yadda begensu ya rushe, ba su gane shi ba. Yana tare da su tun daga kan hanya. Sai a wurin cin abinci idanunsu suka buɗe. Kasancewarsa ba ta jira ganewarsu ba. Haka yake a gare mu. Yadda muke ji yakan canja da zazzaɓi, da magani, da rashin barci. Alkawarin Allah yana tsaye a kan amincinsa.

Idan kalmomi sun ƙare, Romawa 8:26-27 ta koya mana cewa Ruhu Mai Tsarki yana roƙo a madadinmu. Marar lafiya ba ya bukatar doguwar addu'a. Kiran sunan Yesu kaɗai ya isa. Zai iya riƙe aya ɗaya ya yi ta juya ta a zuciya, ko ya roƙi wani ya karanta masa, ko a rera masa waƙar sujada da ya saba da ita tun yana yaro.

5. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne

Karanta 2 Sarakuna 20:1-7.

Sarki Hezekiya ya yi ciwo har ya kusa mutuwa. Ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15. Amma annabi Ishaya, wanda ya kawo saƙon warkarwar, shi ne kuma ya umarta a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani suka tafi tare. Luka, wanda ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne (Kolosiyawa 4:14).

A garuruwanmu akwai zancen da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai in aka yi masa allura ko fiɗa sai ya bazu. Wannan zance ya sa mutane da yawa sun ɓoye ƙari a jikinsu wata da watanni, suna shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Sa'ad da suka isa asibiti ciwon ya riga ya yi nisa. In suka rasu sai a ce asibiti ne ya kashe su, alhali jinkiri ne. Sankarar nono da ta bakin mahaifa suna cikin waɗanda ake warkarwa sosai in an gano su da wuri.

Saboda haka mu hanzarta zuwa asibiti in mun ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙullutu a nono ko hammata ko wuya, ko da ba ya zafi, zubar jini bayan saduwa ko bayan mace ta daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, jini a fitsari ko bayan gida, wahalar fitsari ga dattijo, rama ba dalili. Ba kowane ƙullutu ne daji ba. Hanyar tabbatarwa ita ce likita ya ɗebi ɗan nama a duba a ɗakin gwaji.

Mu kuma yi hankali da duk wanda zai ce wa marar lafiya ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya, ko ya kawo kuɗi a sayar masa da warkarwa. Matar da ke Markus 5:25-34 ta yi shekara 12 tana zubar jini, ta kashe dukan abin da take da shi. Yesu bai karɓi ko anini daga hannunta ba. Ya tsaya a tsakiyar taro ya saurari labarinta, ya kira ta 'yarsa.

6. Allah yakan zo ta ƙafafun mutanensa

Karanta 2 Korantiyawa 7:5-7 da Yakubu 5:13-16.

Bulus ya ba da labarin lokacin da ya isa Makidoniya cikin damuwa da tsoro. Ya ce Allah ya ta'azantar da shi, ya kuma faɗi hanyar: zuwan Titus. Ziyarar ɗan'uwa ita ce ta'aziyyar da Allah ya aiko. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Sau da yawa marar lafiya yakan tabbatar Allah bai manta da shi ba sa'ad da ya ji sallamar 'yan'uwa a ƙofar gida.

Ga wasu abubuwa da ƙungiyarmu za ta iya yi:

Mu tsara ziyara. A makon farko gida yakan cika, bayan wata biyu sai ƙafa ta ɗauke, alhali jinyar daji takan ɗauki watanni ko shekaru. A rubuta sunaye, kowa ya san ranarsa. Mutum biyu sun isa, kuma kada a daɗe in marar lafiya ya gaji.

Mu iya yin shiru. Abu mafi kyau da abokan Ayuba suka yi shi ne kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce kome ba. A al'adarmu in an ce "Mama, ya jiki?" amsar ita ce "Da sauƙi," ko da babu sauƙin. Bayan gaisuwa mu ɗan dakata, mu ce, "Mama, yaya daren jiya ya kasance?" Sa'an nan mu saurara, ba tare da gaggawar gyara mata magana ba.

Mu riƙe asiri. Kada a sanar da ciwon mutum a gaban jama'a da sunan roƙon addu'a sai da izininsa.

Mu ɗauki wani ɓangare na kayan. Asibitocin da ke da na'urar gashi kaɗan ne, kamar na koyarwa da ke Zariya da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, saboda haka iyali sukan yi doguwar tafiya, su yi makonni a garin da ba su san kowa ba. Ikkilisiya za ta iya tara kuɗin mota, ta haɗa su da wata ikkilisiya a can don masauki, ta shirya gayya a gonarsu, ta kai yara makaranta. Matasa masu lafiya za su iya ba da jini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu tuna da mai jinya. Matar da take kwana a zaune, ko 'yar da ta bar makaranta don ta kula da mahaifinta, ita ma tana bukatar hutu. Sa'ad da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara ba shi shi ne abinci da ruwa da barci (1 Sarakuna 19:4-8). Mu karɓi mai jinya na yini guda domin ta yi barci, ta je kasuwa, ko ta halarci sujada.

Mu ƙarfafa mazaje. Wasu matan da aka cire wa nono ko mahaifa sukan ji tsoron mijin zai guje su. Dattawan ikkilisiya su zauna da mijin, su tuna masa da alkawarin da ya ɗauka ranar aure, su kuma saurari nasa tsoron.

7. In warkewa ba ta zo ba

Karanta 2 Korantiyawa 12:7-10 da Romawa 8:35-39.

Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ke damunsa a jiki. Ba a cire ba. An ba shi alheri mai isa ya ɗauke shi. Akwai lokacin da likita zai ce ciwon ya wuce a warkar da shi. Ko a lokacin akwai sauran aiki da yawa.

Wata Kirista 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967. Ta koyar cewa zafin marar lafiya ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na iyali, da na ruhu, kuma dole a kula da dukansu. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin mishan a Nijeriya, ta kafa irin wannan aiki a Uganda a 1993, ta kuma yaɗa amfani da ruwan morfin mai araha wanda ake sha a gida. In likita ne ya rubuta shi, aka kuma sha bisa ƙa'ida, yana kwantar da zafi mai tsanani. Neman maganin zafi ba gazawar bangaskiya ba ce. Iyali su tambayi likita ko nas a kan wannan, kada su bar nasu yana ta murƙususu.

Sa'ad da zafi ya lafa, mutum yakan sami sararin yin abubuwa masu muhimmanci: ya nemi gafara, ya yafe wa wasu, ya sa wa 'ya'yansa albarka, ya faɗi yadda za a yi da gona da gida domin kada a cuci gwauruwa da marayu. Fasto ya kawo masa Jibin Ubangiji a gida. Yin wannan shiri ba ya gaggauta mutuwa. Bulus ya lissafta abubuwan da ba za su iya raba mu da ƙaunar Allah ba, kuma mutuwa ce ta farko a cikin jerin da ya rufe da shi. Allahn da ya kasance tare da mu a kan gadon jinya shi ne zai karɓe mu, kuma muna da begen tashin matattu da sabon jiki.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me mutanen garinmu suke cewa yana kawo ciwon daji? Wanne ne gaskiya, wanne ne ba gaskiya ba?
2. Me ke hana mutane zuwa asibiti da wuri? Wanne daga cikin waɗannan dalilai ikkilisiya za ta iya magancewa?
3. Waɗanne kalmomi ne suka taɓa ta'azantar da mu a lokacin ciwo? Waɗanne ne suka ƙara mana nauyi?
4. Yaya za mu yi addu'ar neman warkarwa da gaba gaɗi, ba tare da mun yi wa marar lafiya alkawarin da Allah bai yi ba?
5. Su wane ne suke jinya a unguwarmu yanzu, ko Kirista ko Musulmi? Wa zai ziyarce su a wannan mako, kuma me zai kai?

Addu'a

Ya Ubangiji Allahnmu, ka san kowane mai ciwo da sunansa. Ka kusaci waɗanda suke jiran sakamakon gwaji, da waɗanda suke karɓar magani, da waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Ka ba likitoci da masu jinya hikima da haƙuri. Ka warkar bisa ga nufinka, ka kwantar da zafi, ka kawar da tsoro. Ka aike mu gidajen da ake bukatarmu, ka koya mana lokacin magana da lokacin yin shiru. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.